Shekarar da Gogen Baba Tanko Ya Ƙi Magana

Ajiyar goge wahala ce. Duk wanda ya ce muku girma ne, bai taɓa kwana da kayan mutane a ɗakinsa ba, makulli a wuya, kunne a ƙofa. Na yi ta shekara da shekaru ban ci komai a ciki ba sai ciwon baya, daga ƙarshe kuma na fito da sunan da ban nema ba. Kai Bashir ka ji shi da kunnenka a wurin ɗaurin auren nan na unguwar Ard al-Liwa, lokacin da wani ya nuna ka da baki ya ce ga ɗan Isa Shafa-mai. Ka dawo gida ba ka tambaye ni ba, amma na ga irin kallon da kake min muna cin abinci. Ke kuwa Sa'adatu na san kin daɗe da ji a bakin mata. To ga yadda abin ya kasance. Ni ba mai karatu ba ne, rubutun nan ma a bakin shago na tsince shi. In kun ga ya karkace ku karanta haka nan.

Gasar gogen ba a Masar aka haife ta ba. Mutanen uwarku ne suka zo da ita, Hausawan Sudan, jikokin waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, suka yada zango a bakin kogi, zangon ya zama gari. Yadda tsofaffinsu ke faɗa, ni dai ban gani ba, kuma tsoho in ya tashi ba da labarin garinsu ba ya rasa ƙari, wai in an gama girbi masu goge na ƙauyukan bakin kogin sukan taru wuri ɗaya su gwada hannu. Abin da ake ci izga ce guda ɗaya, wato ɗan bakan da ake goga wa tsirkiya, tsohuwa mai ƙotar tagulla, an ce tun daga gida aka zo da ita. Wanda ya ci ya riƙe ta shekara guda, shi ke buɗe kiɗa a kowane biki, saura su biyo baya. Da zama ya yi wuya a can, mutane suka fara gangarowa Alƙahira, izgar ta biyo su cikin kayan wanda ke riƙe da ita a lokacin. Shi ne Baba Tanko.

A nan unguwarmu ta Arba wa Nus babu girbi, sai aka mayar da ita bayan Babbar Sallah, a saman bene, tsakanin igiyoyin shanya da akurkin tantabarun wani Bamisire. Da farko 'yan Sudan ne kawai. Sannu a hankali 'yan Najeriya da 'yan Nijar suka ji labari, duk wanda ya taɓa riƙe goge a garinsu ya ce a sa shi. Har ɗaliban nan masu karatun addini sukan zo. Ba sa hawowa, a matakala suke tsayawa suna a'uzubillahi, amma in ka duba ƙasa ƙafafunsu na bin kiɗa. Maƙwabta Misirawa sun yi ta ƙorafi, daga baya su ne masu hawo mana da shayi. A duk waɗannan shekaru izgar ba ta taɓa barin hannun Baba Tanko ba, har yara masu tasowa suka ɗauka tasa ce ta gado. Kuma gaskiya ɗaya ce, mutumin ya iya. In ya ja taken mutanen da, sai ka ga ƙaton da ke ɗaukar bulo yana share ido da hannun riga.

Akwai al'ada guda da suka zo da ita, ana ce mata kwanan goge. Ana gobe gasa, bayan la'asar, kowa ya kawo gogensa gidan mai ajiya. A gaban jama'a zai ja shi sau ɗaya a ji yana da rai. Sannan ya shiga ɗaki shi kaɗai, ya rataye shi da hannunsa, ya yi addu'arsa ya fito. In an gama a kulle ɗaki, makulli a wuyan mai ajiya har gari ya waye. An ce dalili shi ne a can ƙauye an taɓa kama wani ya cusa laya cikin ƙoƙon gogensa da dare, shi ya sa aka ce duk su kwana wuri ɗaya, iska ɗaya. Kuma ƙa'idar tana da wutsiya: in aka samu an taɓa gogen mai riƙe da izga, gasar shekarar ta rushe, izga ta zauna inda take. Ku riƙe wannan.

Ni baduku ne, kun sani. Daga Damagaram na taso da niyyar wucewa gaba, Alƙahira ta riƙe ni da ɗinkin takalma da jakunkuna. Ban iya goge ba, ko tsayuwar yatsa ban sani ba, amma na iya ɗaura fatar guza a ƙoƙo, na iya zaɓen tsagiya, gashin wutsiyar doki da ake yin tsirkiya da shi. Wajen masu dawakin Giza nake samowa, na ingarma, don na goɗiya fitsari ya gama da shi. Da tsohon mai ajiya ya koma gida, Baba Tanko da bakinsa ya ce a ba ni. Ya ce Isa ba ya kiɗa, ba shi da abin ci a ciki, ga shi mutumin Nijar, matarsa 'yar Sudan. Lokacin na ji daɗi. Shi ne fa ya tsaya a matsayin uba ya ba ni auren uwarku, don nata uban ya rasu tun suna can. Kowane ɓangare na ganin rabina nasa ne. Ban san ranar da abu zai ɓaci kowa zai ga rabina na wancan ɓangaren ne ba.

Shekarar da nake ba ku labari, akwai Lawwali, mutumin Zamfara, mai tuƙa keken hayar nan tuk-tuk, mazaunin Ard al-Liwa a hayin kogi. Baki gare shi kamar rediyo, amma hannunsa ya fi bakinsa. A gasar da ta gabata ya matse Baba Tanko har alƙalai suka daɗe suna ƙus-ƙus kafin su bar izga inda take. Tun daga nan magana ta cika gari cewa bana za ta tashi. Shi kuwa Baba Tanko duk shekarar bai yi kiɗa a bikin kowa ba. In an gayyace shi sai ya zo da izgar a hannu, ya zauna a gaba, ya ce wani ya buɗe a madadinsa. Mutanensa suka ce yana tara hannu ne don ranar. Ni ma haka na ɗauka.

Ranar kwanan goge suka cika min ƙofar gida. Alhaji Sale, ɗan kasuwar nan na Wustul Balad, tsakiyar birni, da ke shugabancin taron, yana zaune a kujerar da na aro masa. Lawwali ya ja nasa har da ƙarin kwalliya, ba a tambaye shi ba.

“Baba, ka shafa wa izgar nan addu'ar bankwana,” in ji shi. “Gobe a Ard al-Liwa za ta kwana.”

“Yaro, kai da ka saba da ƙarar tuk-tuk, ina ka san kiɗa? Kunnenka ya mutu.”

“Ya mutu, amma yana jin tsufa in ya zo wucewa.”

Aka yi dariya. Baba Tanko ya ɗauki nasa ya ja sau ɗaya, ja guda doguwa, bai ɗora yatsa a tsirkiya ba. Sauti ya fita tas. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya ja labule. Ya daɗe. Har Lawwali ya ce ko tsoho ya yi barci ne, Alhaji Sale ya ce addu'ar manya doguwa ce, a yi haƙuri. Da ya fito na kulle ɗakin a gaban kowa, na rataya makulli. Kafin magariba mutum biyu sun taka gidan: Lawwali ya dawo wai igiyar takalminsa ta tsinke, na ɗinke masa a tsaye a ƙofa, sai bawwab, mai gadin benenmu, ya zo maganar ruwa. Uwarku tana kicin tana suyar naman da za a kai saman bene. Shi ke nan abin da ya faru. Na sha juya shi a kaina har ya gaji.

Washegari da kaina na buɗe ɗaki, kowa ya shiga ya ɗauki nasa. Saman bene ya cika har ba wurin sa ƙafa. Aka yi ta yi, na kirki da na banza. Lawwali ya zo ya yi abin da ban taɓa ji ba, mata suka yi ta guɗa, har wani ɗalibi ya manta ya hawo daga matakala. Mai izga shi ke rufewa. Baba Tanko ya gyara zama, ya ɗora goge a cinya, ya ja. Ba komai. Izga ta zame a kan tsirkiya kamar an ja igiya a kan sabulu. Ya goga mata ƙaro don ta kama tsirkiya, ya sake ja. Wani ɗan huci kawai, irin na tsohuwar taya. Sai ya taɓa tsirkiyar, ya murza yatsunsa, ya ɗaga su sama rana ta haska. Mai ne. Duk wanda ya san goge ya san in mai ya shiga tsagiya ta mutu, sai dai a yanke.

Bai ce Isa ne ba. Da ya faɗa da na samu abin ƙaryatawa. Juyowa kawai ya yi ya dube ni, duk saman benen ya juyo tare da shi, ni kuma ga makulli a ƙirjina yana lilo. Hayaniya ta tashi. Alhaji Sale ya yi ta ɗaga hannu yana khalas, khalas, wato ya isa, ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, gasar bana ta rushe, za a zauna a bincika. Baba Tanko ya miƙe, izga a hannu ɗaya, ya zo ya ajiye gogen a gaban ƙafafuna.

“Ajiyarka ce,” ya ce. “Ƙarasa.”

Daga ranar shagona ya zama kamar an yi mutuwa. 'Yan Sudan suka ce Lawwali ya saye ni. 'Yan Najeriya suka ce surukaina suka sa ni, don izga ta zauna gidansu. Ku duba fa, laifi ɗaya, an ba ni iyayen gida biyu masu gaba da juna. Wanda ya saba kawo min takalmin 'ya'yansa sai ya wuce ta ɗaya gefen titi. A masallaci in na tsaya a sahu, sai in ji na kusa da ni ya ɗan janye kafaɗa. Sunan Shafa-mai ban san wanda ya fara shi ba, amma ina zargin wani mai shayi, har yau ba na shan nasa.

Ni ma na koma zargin kowa. Bawwab na zarga da makulli na biyu, na je na tsare shi, ya rantse da 'ya'yansa, ya ce shi bai ma san mene ne a ɗakin ba, ya zaci kwaryar abinci muke ratayewa. Alhaji Sale na zarga, don ya daɗe yana son a sauke gasar daga saman bene a kai ta zauren haya inda zai zauna a babbar kujera. Lawwali kuwa har tashar tuk-tuk na bi shi.

“Takalminka da ya tsinke ranar nan, da hannu ka tsinka shi ko?”

“Malam Isa, ka ji kanka kuwa? Na wuce ƙofarka?”

“Ba ka wuce ba.”

“To ta taga na hura man? Kai, ni fa aka yi wa asara. Izga tana hannuna, na ji nauyinta, aka fizge. In na san wanda ya yi, wallahi sai na bi ta kansa da keken nan. Kuma in gaya maka gaskiya, kai nake zargi.”

Na dube shi ya dube ni. Kowa na neman ƙarya a fuskar ɗan'uwansa. Wani fasinja ya ce yalla, mu je, Lawwali ya ja kekensa ya tafi.

Saura mutum ɗaya, kuma ita ce wadda ban so in kai kanta ba. Amma zargi kamar ƙaiƙayi ne, ba ya sanin inda bai kamata a sosa ba. Alhaji Sale ya aiko cewa ranar Juma'a bayan an sauko za a zauna a kaina. Ranar Alhamis da yamma ina zaune, gogen yana rataye a ƙusa tun ranar da aka ajiye min shi, ban taɓa ba. Uwarku tana tsintar shinkafa. Ku kuna waje. Ita da ta tashi cikin Larabawa ba ta kunyar sunan ɗan fari, Abu Bashir take ce min.

“Halima, ranar nan da kike suya, na yi wanka ko ban yi ba?”

“Ka yi.”

“Makullin fa, ina na ajiye?”

Ta daina tsinta. Ba ta ɗago ba tukuna.

“A ƙusar bayan ƙofar banɗaki, inda kake ajiyewa kullum. Ƙarasa tambayarka, Abu Bashir.”

“Hannunki da mai ranar.”

“Da mai. Naman da abokanka suka cinye kafin su kira ka ɓarawo, da ruwa zan soya shi?”

“Ban ce kin yi da gangan ba. Wataƙila kin shiga share ƙura. Ko wani naku ya ce ki…”

“Nawa? Yau kuma ni ce nawa da naka? Na haifa maka biyu a gari da ba na uwata ba na ubana, sai yau ka tuna ni 'yar Sudan ce?”

Ta ture tiren, ta tashi ta fizgo gogen daga ƙusa. Mace ba ta taɓa gogen gasa, amma ranar ba wanda zai gaya mata. Ta ce bari ta ga man da ake cewa nata ne. Ta kai tsirkiyar hanci. Sai na ga fuskarta ta canja. Ta sake shinshinawa, a hankali wannan karon, ta zauna a bakin gado.

“Wannan ba man suya ba ne.”

“Na mene ne?”

“Kai ba ka ji?”

Ina zan ji. Gam ɗin takalmi ya kashe min hanci tun kafin a haife ku.

“Man riɗi ne da kanumfari da citta. Irin wanda ake dafawa don ciwon gaɓoɓi. Hajara ce ke dafa wa Baba, ni na nuna mata yadda uwata ke yi. Tun bara yatsunsa ke kumbura. Ta roƙe ni kar in faɗa wa kowa.”

Hajara ita ce 'yar Baba Tanko da ke kula da shi. Na karɓi gogen na kai shi bakin taga. Na ce wa kaina to ai mutum in yana shafa magani a hannu, dole ya bar shi a abin da ya taɓa, wataƙila tsautsayi ne. Na so ya zama haka. Amma na duba. Yatsun mai goge a sama suke taɓa tsirkiya, wajen wuya. Can a bushe take. Man yana ƙasa, dab da jaki, ɗan icen nan da ke ɗage tsirkiya daga fata, daidai inda izga ke bi, inda yatsa ba ya da aikin zuwa. Kuma ba taɓawa ba ce, an murza shi ne ya shiga tsakanin gashi. Sai na tuna ja guda ɗin nan da ya yi ba yatsa. Na tuna bukukuwan da ya ƙi buɗewa. Na tuna labule, da addu'ar manya.

Uwarku ta riga ni kaiwa ƙarshe. Ta share fuska da gefen mayafi, ta ce gobe in naɗe tsirkiyar in kai gaban Alhaji Sale, ita za ta tsaya ta faɗi abin da ta sani, in an kira Hajara ba za ta iya rantsuwa a kan ƙarya ba.

“Shi ya ba ni ke,” na ce.

“Ni ya bayar, ba kai ya saya ba. Ubana ne, na fi ka jin zafin. Amma yana zaune a gidansa yana jin abin da ake kiran ka, bai aiko ko da gaisuwa ba.”

“Zan fara zuwa wurinsa. In ya ga na sani, da bakinsa zai faɗa. Ya fi a tsayar da shi gaban yara irin su Lawwali.”

“Mutumin da ya dube ka a gaban jama'a ya bar ka da wannan, shi za ka kai wa hujjarka har gida? Abu Bashir, kowa ka zarga a garin nan, har ni. Shi kaɗai ne za ka yarda da shi?”

Ba ta sake min magana ba ranar, ta zuba min abinci ta koma kicin ta ci nata a tsaye.

Abin da ya biyo baya kun taso kun tarar. An zauna ranar Juma'a, na ce ban taɓa gogen kowa ba kuma ba ni da abin nunawa, aka tashi ba a wanke ni ba, ba a kama ni ba, wanda ya fi kamawar muni. Ba a sake kawo goge gidana ba. Shekarar da ta biyo 'yan Najeriya suka ce ba za su kwanar da nasu a Arba wa Nus ba, 'yan Sudan suka ce ba za su haye kogi da nasu ba, gasa ta rabu biyu, kowane ɓangare da zakaransa, ba mai izga. Baba Tanko ya ce shi ya yi fushi, ba zai sake ja ba tunda aka ci amanarsa, mutane suka ce kai, dattijo mai zuciya. Ya rasu da izgar a gefen katifarsa, ba a taɓa kayar da shi ba. Na bi gawarsa, na ɗauki makara kamar kowa. Yanzu tana cikin akwatin Hajara, in mun haɗu a hanya takan gaishe ni har ƙasa, ba ta duban idona. Uwarku ta so ta faɗa wa mata, na hana, don magana ba hujja ce kawai za a ce matar Shafa-mai tana kare mijinta da naman mamaci. Ta yi shiru, amma ba ta yafe min safiyar Juma'ar nan ba, kuma ban ce ta yafe ba.

Safiyar ce ba ku sani ba. Da na dawo daga sallar asuba na zauna na yanke tsohuwar tsirkiyar, na naɗe ta cikin tsumman da nake goge takalma. Na ciro tsagiya mai kyau cikin wadda na ajiye, na tace, na ɗaura masa sabuwa, na gyara zaman jaki. Na rungumi gogen a cikin buhu na taka zuwa gidansa, ana buɗe gidajen burodi. Na same shi a tabarma a tsakar ɗaki, kaskon gawayi a gabansa, Hajara ta ɗora jabana, tulun gahawar nan tasu, ta zuba mana ta fita. Sai a ranar na dubi hannunsa da kyau. Da tafukan hannu biyu ya ɗauki finjali, yatsun a sanƙare kamar ƙahon akuya.

Muka gaisa, gaisuwa cikakkiya, har ya tambaye ku. Na fito da gogen na ajiye a gabansa. Na ajiye tsumman a gefe na warware.

Ya daɗe yana kallo. Bai kai hanci ba, ba ya bukata.

“Wa ya gani?”

“Ni da Halima.”

“Halima 'yata ce.”

“Na ɗaura sabuwa, Baba. Ga izga nan kusa da kai. Ja mu ji.”

Bai ko dubi gogen ba. Ya ɗaga hannuwan ya juya min su, ciki da baya.

“Isa, kai in hannunka ya mutu sai ka ɗauki wani ya riƙa ɗinki, shago dai naka ne. Ni tun daga bakin kogi na ɗauko ta a cikin rigata. In miƙa wa mai tuk-tuk ina zaune, mata na guɗa?”

“Ni sunana fa?”

“Kai da sauran shekaru. Suna yana wankuwa.”

“Yau bayan Juma'a za a zauna. Ka zo ka wanke shi.”

Ya miƙa hannu kan tsumman. Yatsun ba sa kamawa, sai da ya yi ta fama kafin ya tattaro tsirkiyar tsakanin tafukansa, wani gashin yana zubewa yana sake tattarawa. Na ga inda ya nufa. Hannuna ya fi kusa da kaskon fiye da nasa, kuma ko ɗan yaye zai iya ƙwacewa daga waɗannan yatsu. Yana yi yana kallona, ba tsoro a idonsa ko kaɗan. Wannan kallon ne ke hana ni barci har yau, don ina zargin ya san ba zan ƙwace ba, kuma ina zargin ya san haka tun ranar da ya ce a ba Isa ajiya.

Ya sake ta a kan gawayi. Ta yi ƙara kaɗan ta murɗe. Hancin nan nawa da ba ya jin komai, ranar ya ji ƙaurin gashi da kanumfari.

“Sha gahawarka,” ya ce. “Za ta huce.”

Na sha, don an riga an zuba. Na bar masa gogensa. Na ɗauki tsummana, don nawa ne, na karkaɗe, na tafi na buɗe shago.